Ragon da Maigida Ya Zaɓa

Litinin, da hantsi

Tunkiyata Mai Tabo ta fara neman rago. Tun da gari ya waye take zagaye garke tana kaɗa wutsiya tana kuka, ta ƙi dusa, ta ƙi ruwa, sai leƙen shinge. Na ce mata, ke dai ki yi haƙuri, ba ke kaɗai ke jira a gidan nan ba.

Tumaki takwas gare mu, babu rago ko ɗaya. Janar, tsohon ragonmu, Maigida da kansa ya ja shi zuwa wurin mahauci bayan haihuwar bara, lokacin da 'ya'yan suka zo a raunane, wasu suka mutu a kan cinyata. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Janar ya daɗe a garken har ya koma hawan 'ya'yansa. Maigida ya ce jini ya yi kusa, dole a kawo baƙo. Ya gyara ƙaramin garken da ke bayan ɗakin ajiya, inda ake killace sabuwar dabba kafin a haɗa ta da sauran, ya ɗauki igiya, ya ce mini zai je duba rago. Bai ce ina ba, ni kuma ban tambaya ba, don ba a tambayarsa. Har yau bai dawo ba, ƙaramin garken kuma a share yake.

Auta, 'yarmu da ke aikin jinya a birni, ta ce in riƙa rubutu maimakon in zauna ina hira da tumaki. Ina yin duka biyun.

Talata, bayan la'asar

Direba ya zo, ƙanin Maigida. Ya kashe mota a ƙofar gida ya daɗe a ciki kafin ya fito, daga nan na san babu labari. Ya sake zagaya tashoshi, ya koma asibiti, ya leƙa wurin 'yan sanda. Duk yana kallon takalminsa ya faɗa mini.

Sai da ya sha shayi ya fito da abin da ya kawo shi.

"Yaya, tumakin nan fa."

"Me suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba. Amma in ba a sa musu rago a watan nan ba, haihuwa za ta faɗo bayan ciyawa ta ƙare, kin fi ni sani. Shekara guda ke nan za ki ciyar da su a banza. Auta ta ce akwai ɗaki a wurinta. A sayar da su tun suna da jiki."

Na ce, "Iye, dillali! Yaushe ka bar tuƙi ban sani ba?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ko dai a sayar da su, ko a sayo musu rago, amma wannan zaman ba zai yiwu ba. Na ce ai an tafi sayen ragon. Ya ajiye kofin, ya tashi ya tafi.

Ba zan sayar ba. Mutum ba zai dawo gidansa ya tarar da garke fayau babu ko kashin tunkiya ba. Amma sayen rago aikinsa ne. Tun da na zo gidan nan ban taɓa sa masa baki a ciki ba, ni nawa karɓar haihuwa ne da jinya. In na tashi na je na sayo, me na ce ke nan?

Laraba, gab da magariba

Da rana ta sauka kan rufin ɗakin ajiya sai su daina ci, su takwas ɗin, su juya su fuskanci hanya. Lokacin da yake shigowa da ciyawa ne. Na fita na duba, babu kowa a hanyar.

Alhamis, da rana

Auta ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, kin gaya wa 'yan sandan maganar mantuwar Baba?"

Na ce wace mantuwa? Ta fara jero mini: gishirin da ya zuba a shayi, takalminsa da aka samu a cikin komin ruwa, ranar da ya kira ta da sunan yayarsa da ta rasu tun Auta tana goye. Na ce haba, wa ba ya mantuwa? Ke da kika ƙona mini tukunya kina latsa waya? Mutumin da ya san uwar kowace tunkiya da kakarta, ya san wadda ke haifar tagwaye da wadda ke ƙin ɗanta, shi za ki ce yana da mantuwa?

Ta fashe da kuka. Na ce mata ana sallama a ƙofa, na kashe. Babu mai sallama.

Juma'a, da safe

Na sake dafa na mutum biyu.

Asabar, da yamma

Dubawa kawai na je yi, na faɗa wa Direba haka tun kafin in shiga motar. Duba rago ba sayen rago ba ne.

Na san yadda ake yi, don na sha tsayawa a bayan Maigida ina riƙe da igiya. Baki tukuna, sannan ƙafa, sannan ƙasa, haka yake cewa. A buɗe baki a ga haƙoran ƙasa sun zauna daidai kan dasashin sama. A sa shi ya yi tafiya a ga ƙafafun sun miƙe, kofato bai baje ba. Sannan a sa hannu ta ƙasa a ji marainan biyu ne, girmansu ɗaya, ba taushi ba ƙari. Ƙaho da kyan fuska kuwa, ya ce wannan na masu kallo ne.

Muka fara da gidan mai gyaran keke. Rago fari tas, ƙirji kamar ƙofa. Na buɗe baki, lafiya lau. Na kama kunnen hagu don in juya kansa, sai yatsana ya faɗa cikin tsaga. Tsaga biyu ce ƙanana, ta biyun a karkace. Wuƙar Maigida ce, wadda bakinta ya karye, ita ke yin wannan karkacewar. Duk ɗan ragon da aka haifa a gidanmu da ita yake yi masa shaida. Mai keke ya ce, "Ai kuwa a wurinsa na saya yana ƙarami." Wato ɗan Janar ne, ɗan'uwan tumakina uba ɗaya.

Muka wuce gidan malamin makaranta mai ritaya. Tsaga biyu. Muka je wurin mai burodi, nasa babu tsaga, har na fara sakin jiki, sai ya ce da alfahari uban ragon daga garkenmu ya fito. Direba ya ce, "Tabɗi, ashe Janar duk ya cika garin nan da dangi, ya fi mu zuri'a."

Na yi dariya, wallahi na yi. Amma a gida na ƙarshe ragon ya taho da kansa ya sa hanci a zanena yana shinshina, fuskar Janar sak, kuma yatsana ya riga ni zuwa kunnen. Duk inda na kai hannu a garin nan sai in tarar hannunsa ya riga ni. Mai gidan ya rako mu har mota, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya ji..." sai ya haɗiye sauran, ya ce, "Allah ya bayyana shi." Na ce amin, na rufe ƙofar motar da ƙarfin da ya sa Direba ya dube ni.

Lahadi, da azahar

Mai Tabo ta huce, ta koma cin dusa. Wannan zagayen ya wuce ta. Yanzu 'Yar Rigima ce ta ɗauka, ita kuwa ba ta iya yin komai a hankali ba.

Litinin, da la'asar

Likitan dabbobi ya zo a rikice. Aikin rigakafi ya kai shi nesa, jiya ya dawo ya ji labari. Ya tsaya a bakin garke ya cire hula ya mayar, sannan ya ce akwai abin da ya kamata in sani. Kwanaki kaɗan kafin Maigida ya fita, ya tare shi a hanya yana tambayar inda za a sami ragon da ba shi da jinin Janar. Shi kuma likitan ya faɗa masa akwai wata dattijuwa can bayan madatsar ruwa, mai garke babba, irinta daban ne, ba ta taɓa haɗawa da na nan ba.

"Na kwatanta masa hanyar," in ji shi. "Ya sake tambaya, na sake kwatantawa. Da za mu rabu ya kuma tambaya."

Na ce hanyar ce da wuyar ganewa. Ya ce, "Haka ne, Inna." Miƙaƙƙiyar hanya ce, ni ma na sani.

Babu wanda ya nemi Maigida ta wannan gefen. Duk tashoshi da kasuwanni aka yi ta bi. Nan take na kira Direba.

Talata, bayan mun dawo

Bari in rubuta shi a jere, kada ya tsere mini.

Mun wuce madatsar ruwa, Direba ya rage gudu a kan gadar, na ce masa ya taka motarsa, ba kallon ruwa muka zo ba. Gidan dattijuwar yana ƙarshen wata hanyar ƙasa. Doguwa ce, siririya, da sanda, muryarta ta fi ta Direba kauri. Na gaishe ta na kira ta Iya, duk da ba ta girme ni da yawa ba. Direba ya nuna mata hoton da ke wayarsa.

Ta kalla ta ce, "Mai igiya. Ya zo."

Na zauna a kan wani juyayyen bokiti. Ta ce da hantsi ya iso a ƙafa, ƙura har gwiwa. Ta ba shi ruwa. Ya yi mata hirar tumaki mai daɗi, ya ba ta labarin wani rago wai shi Janar har ta yi dariya. Ta kai shi wurin raguna, ya zaɓi ɗaya, ya ɗaura masa igiyarsa a wuya, ya ce zai je ya zo da ƙaninsa da mota. Ta raka shi bakin titi ta nuna masa inda ake tsayar da mota. Da ta waiwayo daga ƙofa ta hango shi yana tafiya a ƙafa, ba ta gefen da ta nuna masa ba. Ta ɗauka wani ya sani a can.

Direba ya fita waje yana ta buga waya. Ni na ce ta nuna mini ragon.

Yana can shi kaɗai a gefe, ja-ja-ja, mai sanyin ido. Igiyar tana wuyansa, da ƙullin nan na Maigida da ba ya shaƙe dabba. Na sa hannu a kan ƙullin na daɗe. Iya ta tsaya a bayana ta yi gyaran murya.

"'Yar'uwa, buɗe bakinsa."

Na ce ba sai na buɗe ba, wanda ya fi ni sani ya riga ya duba.

"Buɗe dai."

Na buɗe. Muƙamuƙin ƙasa gajere ne. Haƙoran ba su kai dasashin ba, sun tsaya can baya, har ɗan yatsa zai shige tsakani. Irin wannan bakin ba ya tsinkar gajeriyar ciyawa, kuma gado ne, 'ya'yansa za su zo da shi, wasu ko nono ba za su iya kamawa ba. Ko daga nesa Maigida yakan gane shi. Na taɓa ganin ya bar kasuwa da fushi don wani ya yi masa tayin irinsa.

Iya ta ce, "Wannan ragon yanka ne, shi ya sa na ware shi. Na faɗa masa. Ya ce mini to, yana ta shafa wuyansa. Bai buɗe bakin ba, bai taɓa ƙafa ba. Na yi mamaki, mutumin da ya gama koya mini sana'ata a wurin shan ruwa."

Na ce rana ce ta buge shi, ga doguwar tafiya.

Ta nuna mini wani da sandarta, baƙi mai farin goshi, ta ce ga wanda za ta ba 'yar'uwarta. Ban kalle shi ba. Na ce wanda Maigida ya zaɓa nake so. Ta ce ba ta sayar da wannan don iri, sunanta zai ɓata. Na ce sunanta ba zai fito daga bakina ba. Muka tsaya ido cikin ido, tsofaffi biyu, kowa ta kafe. Can ta ce, "Ɗauki. Amma baƙin yana nan, ba zan ba kowa shi ba sai wata ya mutu."

A hanya Direba ya ce, "Yaya, na ji abin da matar nan ta ce fa." Na ce kunnenka ne, ka ji abin da ka ga dama.

Laraba, da safe

Yana cikin ƙaramin garken. Na yanke masa kofato, na ba shi maganin tsutsa, na zuba masa ruwa a komin da Maigida ya wanke ya kife. Zai zauna a killace tukuna, haka ake yi, kada ya kawo musu ciwon wani wuri. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, kuma babu wanda zai ce jinkiri nake yi.

Ban cire igiyar ba. Baƙo nake kiransa.

Alhamis, da rana

Yana ɗiban dusa tana zubowa ta gefen baki. Rabin abin da na zuba masa a ƙasa yake ƙarewa. Na gwada ba shi a tafin hannu, ya fi ci. Numfashinsa da ɗumi.

Mutane sun bazu can bayan madatsar ruwa, ƙauye ƙauye. Direba bai kwana a gidansa ba.

Juma'a, gab da magariba

Yau da suka juya suka fuskanci hanya, shi ma ya juya. Shi da bai taɓa ganin ana shigowa da ciyawa a gidan nan ba. Na shiga ɗaki na bar bokitin a nan.

Lahadi, da hantsi

An kira Direba ya je ya duba wani. Ban tambaye shi a ina ba, ban tambaye shi a kwance ko a zaune ba. Na wanke komaye duka, har waɗanda na wanke jiya.

Lahadi, da yamma

Ba shi ba ne.

Litinin, da azahar

Na yi murna jiya, sai kuma na tuna wancan ɗin ma na wasu ne, sai murnar ta koma ciki.

Likita ya zo duba Baƙo. Ya saurari ƙirji, ya ɗaga ƙafafu, ya ce lafiyarsa ƙalau, nan da 'yan kwanaki ana iya haɗa su. Sannan ya buɗe bakin. Ya rufe shi a hankali, ya goge hannu a wandonsa.

"Inna, wa ya zaɓa miki wannan?"

Na ce, "Maigida."

Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ko zai sha shayi. Ya ce a'a, ya gode. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ke kika karɓi haihuwar bara, ba ni ba." Yaron nan a gabana ya koyi riƙe allura, yau shi ke gaya mini magana. Raina ya ɓaci sosai.

Talata, da safe

Na sake dafa na mutum biyu. Na kai wa Baƙo ragowar, ya zubar da rabi.

Laraba, da rana tsaka

Mai Tabo ta dawo neman rago, tare da 'Yar Rigima da wasu biyu. Garken ya cika da kuka, shi ma yana amsawa daga can, yana dukan shinge da goshi. Ina shanya kaya na ji ƙarar katako. Ko da na zagaya, 'Yar Rigima ta ɓalle sanda ɗaya ta kutsa har ƙugu cikin ƙaramin garken, shi kuma ya taho yana ɗaga leɓe.

Ban san lokacin da na isa ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, na rungume ƙafafunta na baya ina ja, ina ihu, "Ba da shi ba! Wallahi ba da shi ba!" Ta shure ni a ƙirji, sandar ta yage mini hannu, ban saki ba sai da na fito da ita. Na tura wata tsohuwar ƙofa na toshe wurin, na zauna na jingina da ita ina haki.

Babu wanda ya ji ni sai su. Jini na bin gwiwar hannuna, Baƙo ya zo ta bayan ƙofar yana hura mini iska a wuya ta cikin tsagar katako. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fara nema. Kuka sosai, da majina, irin na yara.

Ni da na yi ta cewa jibi zan buɗe masa ƙofa da hannuna.

Alhamis, da yamma

Auta ta zo ba ta sanar ba. Direba ne ya kai mata rahoto, munafuki. Ta wanke mini ciwon ta naɗe, tana yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Na bar ta ta gama, sannan na ce gobe za mu koma wurin Iya in ɗauko baƙin ragon.

Ta tsaya da almakashi a hannu. "To, na Baba fa?"

Na ce likita zai dandaƙe shi, ya zauna a turke kusa da ɗakin girki inda zan riƙa ba shi a hannu. Ba mai yanka shi, ba mai sayar da shi, amma ba zai hau tunkiyata ba.

"Inna, in Baba ya dawo ya ga ba wanda ya zaɓa aka sa ba?"

Na ce, "In ya dawo da hankalinsa, zai ce na yi daidai. In kuma ya dawo yadda ya fita, ba zai san bambanci ba."

Ban taɓa faɗa ba sai yau. Na ji shi a kunnena kamar wata ce ta faɗa daga bayana. Auta ta kifa kanta a cinyata, na dafa ta da hannun da ba ciwo. Na ce mata ya fi shekara ina kwashe masa takalmi daga inda ba a ajiye takalmi kafin kowa ya tashi. Ta ce ta sani.

Juma'a, bayan mun dawo

Iya ba ta ce mini ai na faɗa miki ba, Allah ya saka mata. Ta dubi naɗin hannuna kawai ta sa aka fito da baƙin.

Na ce a kawo mini wasu biyu tare da shi, ba zan ɗauka don an nuna mini da sanda ba. Ta yi murmushi ta sa aka kawo. Na buɗe bakuna, na sa aka zagaya da su a tsakar gida ina kallon ƙafafu daga baya, na durƙusa na sa hannu ta ƙasa, Direba ya kau da kai wai shi kunya. Ɗaya kofatonsa na baya ya ɗan baje. Ɗaya lafiya lau amma mafaɗaci ne, ya nemi ya tunkuyi Auta, ni kuwa ba ni da ƙashin da zan ba rago ya karya. Baƙin ya tsaya cak ina jujjuya shi. Na tambayi uwarsa, aka nuna mini, tsohuwa mai cikakken hantsa, an ce tagwaye take yi kuma ba ta taɓa ƙin ɗa ba. Na kama kunnensa na hagu, sumul.

Na ce shi nake so. Direba ya ce tunda Janar ya tafi, wannan sai dai Kofur, sai ya yi aiki a ƙara masa girma.

A kan gadar na ce ya tsaya. Na fito na kalli ruwan, yana nan shiru, faɗinsa ya fi yadda nake zato. Ban daɗe ba, Kofur na kuka a baya.

Laraba, da hantsi

Likita ya ce garken Iya a hannunsa yake, ya san lafiyarsu, ba sai an daɗe ana killacewa ba. Yau na buɗe wa Kofur. Mai Tabo ce ta fara zuwa, marar kunya. Zai tarar da sauran ɗaya bayan ɗaya. In Allah ya so haihuwa za ta riski ƙarshen ciyawa, da ƙyar dai, amma za ta riska.

Baƙo yana turkensa yana jinya. Ya koyi ƙarar murfin tukunyata.

Babu labari.

Asabar, da la'asar

Auta ta koma bakin aikinta. Ba ta sake maganar ɗakin da ke wurinta ba.

Direba ya zo gyara shingen da 'Yar Rigima ta ɓalle. Da ya gama na ce tunda guduma na hannunsa, ya duba mini ragar da ake zuba musu busasshiyar ciyawa. Maigida daidai tsawonsa ya kafa ta, ni sai na taka dutse nake kaiwa, kuma nan gaba da ɗan rago a hammata zan riƙa zubawa. Ya ɓamɓaro ta daga jikin ginshiƙi, ya ce in tsaya in miƙa hannu. Na miƙa, ya sauko da ita har inda hannuna ya kai ba tare da ɗage ba. Ya riƙe ta a nan bai motsa ba.

"Yaya, in ɗaure ta da igiya, yadda za a iya mayarwa? Ko in buga ƙusa?"

Tumakin suna ta cin abinsu. Hannunsa ya fara gajiya, ragar na rawa, bai ce in yi sauri ba.

Na ce, "Buga ƙusa."

Ya ce babu a aljihunsa. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko gwangwanin, na tsaya kusa da shi ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya.